Idan lupus ya hau kai: abin da nake yi, da abin da na koya wa ƴan gidanmu

Shekara goma sha ɗaya ina uwar adashi a unguwarmu ta Birni, cikin garin Damagaram (Zinder). Mata ashirin da huɗu, zubin jika biyu-biyu duk Juma'a, kuma ban taɓa rubuta ko sisi ba. Lissafin yana kaina. Na san wadda ta zuba, na san wadda ta ce a ɗaga mata ƙafa sai mijinta ya dawo daga Agadas, na san mai kwasa ta gaba. Wata Juma'a cikin bazarar 2021 maƙwabciyata ta miƙo mini kuɗinta a zaure, na karɓa, na ƙulle a bakin zani. Da la'asar na aiki yarinya ta gaya mata ba ta zuba ba. Matar ta taho da kanta, mayafi a hannu. Na rantse ban ga kuɗinta ba, ita ma ta rantse ta ba ni. Da dare ina canza zani na ji ƙulli. Jika biyu cif.

Washegari na je har ɗakinta na ba ta haƙuri. Ta yafe, amma magana zarar bunu ce. Cikin wata guda mata shida suka zare hannunsu daga adashin. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da an ce mini uwar adashi ta fara manta kuɗin da ta karɓa, wani suna daban zan sa wa abin.

A lokacin shekarata biyu da sanin sunan ciwona. An gano shi a 2019, bayan na sha ciwon gaɓoɓi, gashina ya zube, wani baƙin tabo ya kwanta mini a kumatu da karan hanci kamar malam-buɗe-littafi ya baje fikafikai, ga ɓari biyu a jere. Lupus ciwo ne da garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa kan mai ita: fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, duk inda ta ga dama. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a shafa wa wani. Cikin mutum goma masu shi, tara mata ne, akasari tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma ya fi yi wa baƙar fata tsanani. Wannan duk na sani tun farko. Sai bayan abin adashin nan na san cewa yana hawa kai.

Tun 1999 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta jera hanyoyi 19 da lupus ke bi ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: 12 a ƙwaƙwalwa da laka, 7 a jijiyoyin da suka bazu cikin jiki. A ciki akwai ciwon kai, mantuwa da nauyin tunani, ciwon damuwa, fargaba, jijjiga, shanyewar ɓarin jiki, ruɗewa, fita hayyaci, da mutuwar hannu ko ƙafa. Kada jerin ya tayar miki da hankali, ƴar'uwa. Masu tsananin, irin fita hayyaci, mutane kaɗan suke samu. Waɗanda suka fi yawa su ne ƙananan da ke cin mutum a hankali, irin nawa.

Ni ba likita ba ce. Karatuna a kwaleji ya tsaya, sana'ata atamfa da turaren wuta. Abin da zan faɗa na tsince shi ne a bencin asibiti, da bakin likitana, da kuskurena.

Wanda ba ya kwana a gida

Abu na farko, ki raba matsalolin gida biyu: wanda za a iya riƙewa har ranar randebu, wato ranar komawa ganin likita, da wanda ba ya kwana a gida. Na biyun na sa ɗiyata ta rubuta su da manyan baƙaƙe, mun manna a ƙofar kabad, saboda ranar da abin zai faru ni ba zan iya faɗa wa kowa komai ba:

- Jijjiga ko faɗuwa kamar mai farfaɗiya.
- Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ko ido ya daina gani farat ɗaya.
- Ruɗewa ta lokaci guda: ba ta san inda take ba, ba ta gane mutanen gida.
- Ciwon kai irin wanda ba ta taɓa yi ba, musamman da zazzaɓi, amai, ko wuya ya sanƙare.
- Ƙafafu biyu sun yi nauyi ko sun mutu, fitsari ya tsaya ko yana zuba ba ta sani ba.
- Jin muryoyi, ganin abin da babu, ko kwana biyu zuwa uku ba barci kuma ba gajiya.
- Maganar kashe kanta.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti kai tsaye, ko ƙarfe biyun dare ne. Mu a nan babban asibitin ƙasa na Zinder muke nufa. Idan kina Mirya, Magarya ko Matamai, asibitin da ya fi kusa, su za su tura ki gaba. A ɗauki takardunta da kwalayen magungunanta duka, kuma kalmar farko da za a faɗa wa wanda ya tarbe ku ita ce: tana da lupus, tana shan kwartizon (maganin da ke danne garkuwar jiki).

Idan jijjiga ce, a kwantar da ita ta gefe, a kawar da murhu da duk abin da zai ji mata rauni, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kanta. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, kada a danne ta, kada a turara mata hayaƙi. Wani ya dubi agogo. Jijjigar da ta wuce minti biyar haɗari ce babba, kuma ko gajeruwa ce, in dai ta farko ce, sai likita ya gan ta. Idan alamar shanyewar jiki ce, a riƙe lokacin da abin ya fara, kuma kada a ba ta asfirin a gida: sai hoton kai ya nuna ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, kuma in fashewa ce asfirin ƙara ɓarna zai yi. Mai irin wannan hali ba a ɗora ta bayan kabu-kabu. Tun kina lafiya ki nemi lambar mai adaidaita ko maƙwabci mai mota wanda ya yarda a tashe shi da dare. Tamu lambar tana ƙasan takardar nan ta kabad.

Alama ɗaya, masu laifi uku

A nan nake so ki tsaya da kyau, domin a nan na kusa rasa raina.

A ƙarshen 2022 ciwon ya sauka ƙodata. Ƙafafu suka kumbura, fitsari yana kumfa kamar an zuba omo. Aka ɗora ni kan kwartizon, Prednisone, miligiram 60 a rana. A kwana na biyar barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe ukun dare ina sharar tsakar gida, ina sake wanke tukwanen da aka riga aka wanke. Baki ba ya rufuwa. Atamfa turmi bakwai na jarina na rabar ga duk wadda ta yi sallama. Daga baya na fara jin ana kiran sunana daga bayan katanga.

Inna ta ce iska ce, a kira malam. Yayana ya ce maganin Nasara ne ya juya mini kai, a tattara a zuba a masai. Maigida bai ce komai ba, ya fita zaure ya kira likita. Abin da likita ya ce masa, ya maimaita mini shi ya fi sau goma: "Malam, kada a tsayar mata da shi ko na kwana ɗaya. Ku kawo ta yanzu, da kwalayen."

Yayana yana da rabin gaskiya. Kwartizon mai yawa, musamman daga miligiram 40 a rana zuwa sama, yana iya hana barci, ya kawo rawar kai da yawan magana, har fita hayyaci, kuma yawanci cikin kwanaki ko makonnin farko. Amma da an bi shawararsa da an kashe ni. Wanda ya daɗe yana shan kwartizon, ƴan ƙullutun da ke kan ƙodarsa masu sarrafa na jiki sukan yi kwance su bar aiki. In aka yanke na kwali lokaci guda, jini ya faɗi, mutum ya sheme, ga lupus ɗin ya taso da ƙarfinsa. Shi ya sa ake sauke shi a hankali, mataki-mataki, da lissafin likita.

Ga inda abin ya fi ɗaure kai. Lupus da kansa yana iya kawo wannan fita hayyacin, kamanninsu ɗaya sak. In shi ne, maganin shi ne a ƙara kwartizon, a ɗaura shi ta jijiya kwana uku, sau da yawa a haɗa da wani mai ƙarfi irin Cyclophosphamide. In kuwa maganin ne ya jawo, sai a rage. Mace ɗaya, surutu ɗaya, amma wata ƙari take buƙata, wata ragi. Wa zai iya raba wannan a tsakar gida?

Mai laifi na uku shi ne wani ciwo daban da ya laɓe bayan lupus. Binciken likitoci ya nuna cewa cikin matsalolin kai da jijiya da masu lupus ke fuskanta, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai za a ɗora wa lupus ɗin kai tsaye. Sauran daga wani wuri suke: masassarar cizon sauro, sanƙarau, tarin fuka, hawan jini, ƙoda da ta gaza tace datti, sukari da kwartizon ya tayar, ƙarancin jini, rashin barci. Lokacin da aka kai ni, sanƙarau ya ɓulla a jihar Damagaram, don haka sai da aka ɗebi ruwan bayana, aka gwada masassara, aka auna sukari da ƙoda, sannan aka tsayar da magana a kan kwartizon. Aka rage shi da tsari, aka ba ni wani na kwantar da hankali na ɗan lokaci. Cikin kwana goma na dawo. Atamfofin dai uku ne suka dawo.

Abu biyu game da masassara, tunda damina ba ta barinmu. Plaquenil, maganin lupus da muke sha kullum, ɗan'uwan Nivakin ne, wanda iyayenmu suka sani, sai wasu su ɗauka ya isa kariya. Bai isa ba. Ƙwayar masassarar ƙasarmu ta daɗe da daina jin wannan dangin magani. Ki kwana cikin gidan sauro. Na biyu, kwartizon yana ɓoye zazzaɓi. Jiki na iya zama da ɗumi kaɗan alhali ciwon ya yi nisa, don haka ki ajiye ma'aunin zafi a gida, ki daina dogara da tafin hannu.

Gwajin da za ki roƙa da bakinki

Idan kin taɓa ɓari fiye da sau ɗaya, ko ɗa ya mutu a ciki, ko ƙafa ɗaya ta taɓa kumbura da ciwo, ki gaya wa likita ko bai tambaya ba, ki ce a yi miki gwajin antifosfolifid. Wasu sojojin garkuwa ne da ke sa jini ya yi guda cikin jijiya. Su ne ke toshe hanyar mahaifa, kuma su ne kan gaba wajen kawo wa matashiya mai lupus shanyewar ɓarin jiki. Gwajin kala uku ne, kuma in ya nuna akwai, ana maimaita shi bayan mako 12 kafin a tabbatar. Nawa jinin sai da aka aika Yamai, kusan kilomita 900, na jira, na biya kuɗin da ya yi mini ciwo. Ya nuna akwai. Ranar na fahimci ɓarina biyu, na yi kukan da ban yi ba a lokacinsu.

Mai wannan hali likita kan ɗora ta kan asfirin ƙarami, wadda ta taɓa samun toshewa kuma kan maganin tsinka jini mai buƙatar awo a kai a kai. Kada ki saya da kanki don kin ji a wurina. Kuma ki gaya wa ungozoma kafin ta ba ki ƙwayoyin tazarar haihuwa, domin masu sinadarin estrojin suna ƙara haɗarin gudan jini. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da mu.

Kaye

Ki sayi kaye, wato littafin rubutu na ƴan makaranta, da bik, ki ɗaure su tare da zare. Duk dare layi uku ko huɗu: kwanan wata, awa nawa na yi barci, kwartizon nawa na sha, me na manta yau, ya zuciyata take. In an canza magani, a ja layi a ƙarƙashi. In ba ki rubutu, ɗa ko ƙanwa ta rubuta, ko ki ɗauki muryarki a waya.

Shafin baya na ƴan gida ne. Wannan ya fi nawa amfani, ko da yake ba ya mini daɗin karatu. Mai mantuwa ba ta san duk abin da ta manta ba. Ɗiyata ta taɓa rubuta: "Mama ta tambaye ni sau huɗu ko na ɗebo ruwa." Ni sau ɗaya na sani.

Ranar randebu ki tafi da kaye da mutum. Layi yana da tsawo, likita yana da minti kaɗan, kuma in ya ce "Hajiya, ya jiki?" bakinki zai ce "da sauƙi" tun kafin ki yi tunani, haka aka rene mu. Ki bar "kaina ba daidai ba", ba ya kai likita ko'ina. Ki ce: tun watan jiya na bar tukunya ta ƙone sau uku, na manta raka'ar da nake sau da yawa, na tsaya a Kasuwar Dole ban san abin da ya kawo ni ba. Sannan ki tambaye shi: ciwon ne, maganin ne, ko wani abu? Wane gwaji zai raba? Me zan gani in dawo kafin ranata?

Akwai ɗan gwajin tunani da ake kira MoCA, minti goma, maki 30: a ce ki zana agogo, ki riƙe kalmomi biyar, ki yi ragi da ka. Ki gaya wa mai gwajin iyakar karatunki da harshen da kika fi sakewa a ciki, don kada a lissafa rashin Faransanci a matsayin ciwo. Kuma in an tura ki hoton ƙwaƙwalwa, Yamai ko Kano, ya fito ba komai, kada wani ya ce miki ashe ƙarya kike. Mata da yawa masu wannan mantuwar hotonsu fes yake fita.

Zama da hazo

Ni hazo nake ce masa. Kamar safiyar hunturu da za ki fito ki kasa hango duwatsun Birni: kin san suna nan, ba su dai fito ba. Kalma tana bakin harshe ta ƙi sauka. Ana magana biyu a ɗaki, ki rasa duka. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ga yawancinmu hazon yana zuwa yana tafiya, ba irin ruɗewar tsufa ba ce mai ƙaruwa kullum. Babu ƙwayar da ke share shi. Abin da ke rage shi shi ne a danne ciwon, a gyara barci, a magance ciwon jiki da damuwa, a cika jini in ya yi ƙasa. Sauran dabara ce.

Magani na ɗaura shi da salla, domin salla ba ta wuce ni. Kwartizon da safe bayan asuba, da koko a ciki, don shan sa da yamma yana korar barci. Duk Juma'a da dare ɗiyata tana raba na mako cikin kwalayen ashana bakwai da aka rubuta wa ranaku. In na yi shakka ko na sha, kwali nake dubawa, ba kaina ba. Kwalayen suna cikin akwati mai makulli, saboda Plaquenil ƴan ƙwayoyi kaɗan sun isa su hallaka ƙaramin yaro.

Lissafin kuɗi da safe kawai, kafin rana ta take. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya: in ina ƙirga, rediyo a kashe, mai sallama ta jira. Makulli ƙusa ɗaya gare shi. In na ɗora tukunya na saita ƙararrawar waya, kuma ba na fita ƙofar gida da wuta a murhu, ko da "yanzu zan dawo" ne. Saƙon kasuwa ina aika wa kaina da murya a WhatsApp. Da farko kunya nake ji a gan ni ina sauraron muryata gaban mai tumatir. Yanzu shi da kansa yake cewa, "Hajiya, kunna mu ji ko akwai albasa."

Rana kuwa abokiyar gaba ce, haskenta yana tayar da lupus, kuma in ciwon ya tashi hazon ya yi kauri. A Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura 40, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa la'asar ina cikin inuwa. Kasuwar Alhamis sammako nake yi mata, da laima da dogon hannu da man kare rana mai lamba 50 in na samu. Tafiyar motsa jiki bayan asuba, zagaye ɗaya ta wajen fadar Sarki in dawo.

Zuciya

Mantuwa ana iya yi mata dariya. Damuwa ba a ma yarda a ambace ta. In kika ce zuciyarki ta yi baƙi, sai a ce ki yi haƙuri, ki ƙara tawakkali, wasu sun fi ki ciwo. Lokacin da na rame, an yi ta raɗa cewa kanjamau ce. Da kwartizon ya kumbura mini fuska, aka koma yi mini barka da ƙiba. Gashi ya tafi, jari ya karye, ga tunanin ko maigida zai ƙaro wata mai lafiya. Wata uku na yi ina rufe ɗaki bayan azahar ina kuka, in fito in wanke fuska in ɗora tuwo.

Ma'aunin da likita ya ba ni mai sauƙi ne. In baƙin ciki, ko rashin jin daɗin abin da kika saba so, ya kai mako biyu kusan kullum, tare da canjin barci ko ci, ko jin ke kaya ce a kan mutane, to ciwo ne mai magani, kuma lupus ko kwartizon na iya zama silarsa. Da ya ce zai haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa na ce, "Likita, ni fa ban haukace ba." Ya ce, "Hajiya, da na tura ki wurin na ƙoda ba ki ce haka ba." Na je. Maganin damuwa ba ya aiki rana ɗaya, sai ya ɗauki mako biyu zuwa shida, don haka kada ki yar da shi a mako na farko.

Ku kuma ƴan gida, in kun ji ta fara cewa gara ta huta, ko za ku fi jin daɗi in ba ta, kada ku ce "a'uzubillahi, bar faɗa" ku wuce. Ku zauna ku tambaye ta a fili ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin. Ku karɓe akwatin magani, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Malam, da mai tallan magani

Ban hana Inna kiran malam ba, kuma har gobe ina son a yi mini addu'a da tofi. Sharaɗina uku ne, kuma maigida ne ke faɗa don kada a ce na raina manya: ba duka, ba hayaƙi, ba jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, domin ƙodata ba ta da ƙarfin gwaji. Malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti sai an gama nasa, a sallame shi da mutunci. Kuma duk abin da ke kan takardar kabad, asibiti ne farko, malam ya same mu a can. Azumi ma da likita nake shawara kafin wata ya kama. Shekarar da ƙoda ta tashi ban yi ba, addini ya ba mara lafiya rangwame.

Wanda na fi tsoro shi ne yaron da ke yawo da magani a faranti. Ibuprofen, da ake sha kamar gyaɗa don ciwon gaɓoɓi, yana wahalar da ƙoda, kuma ga mai lupus yana iya kawo kumburin rigar ƙwaƙwalwa mai kama da sanƙarau. Bactrim yana iya tayar da ciwon. Tramol yana iya jawo jijjiga. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa ƴan mata sau da yawa kwartizon ne, kin ga an ɗora kaya kan kaya. In kai ya dame ni, farasitamol, in rubuta a kaye.

Plaquenil kuma kada ya yanke. Shi ne ke rage tashin ciwon, yana taimakawa wajen hana gudan jini, ana shan sa har da juna biyu. Ana auna shi da nauyin jiki, kada ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, kuma ana duba ido a farko, sannan duk shekara in an kai shekara biyar ana sha. Sau biyu ya yi mini wuyar samu: a 2020 da duniya ta ruga kansa saboda korona, da 2023 da aka rufe boda. Tun daga nan ba na bari ajiyata ta gaza ta wata guda. In na buɗe kwalin ƙarshe, ranar nake aike famasi.

Adashin yana nan, mu goma sha tara ne yanzu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci ina shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ɗiyata ta buɗe kaye, kowace mace ta ajiye kuɗinta a faranti a gaban kowa, a rubuta, ta dangwala yatsa. Maƙwabciyar tawa ta dawo bara. Ita ke ƙirgawa ta biyu, kuma ita ke riƙe makullin akwatin kuɗin.